Katafilar da ta Kai Ni Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin gada ba. Ina zama wani zai ce, "To Nasiru, wai yaya ƙasar take?" Na gutsura wa wannan, na gutsura wa wancan, har labarin ya fara dawo mini da gishirin da ban zuba ba. Akwai wanda ya rantse an kulle ni a boda, akwai wanda ya ce an ba ni mata na ƙi karɓa. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi daga tushe, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni bakanike ne, a nan Wudil garejina yake. Manyan injina nake gyarawa, yawanci katafilolin da ke ɗibar yashi a bakin kogi da tifofin da ke kwasa. Lokacin da na koyi aikin, sifana da kunne sun ishe ka. Injinan yanzu kuwa ƙwaƙwalwa gare su, da wasu ƙananan na'urori da muke kira sensa, masu gaya wa ƙwaƙwalwar zafin ruwa da ƙarfin mai da yawan iskar da ke shiga. Idan ɗayarsu ta kai rahoton da bai kwanta wa ƙwaƙwalwar ba, sai ta fitar da lamba a allon da ke gaban direba, ta rage wa injin ƙarfi. Sai ka ga ƙatuwar katafila tana ɗaga bokiti kamar wadda ta tashi daga jinya. Karanta waɗannan lambobi da bin sawunsu shi ne abincina a 'yan shekarun nan.

Wata Juma'a cikin bazara, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo dogo mai farin rawani ya yi sallama a garejin. Muka gaisa, gida da iyali da gajiya da zafi, har ya zauna a kan benci. Ya ce sunansa Alhaji Laminu, daga ƙasar Damagaram yake kawo shanu karar Wudil.

"Malam Nasiru, an ce kai ne kake yi wa injin magana ya ba ka amsa."

Na ce, "Alhaji, an dai faɗa. Gyara na Allah ne."

Ya ce ƙauyensu Tafkin Baure, gabas da Mirya. Tafkin da garin ya ci sunansa, wanda shanu da lambuna ke dogara da shi, ƙasa ta cike shi, yanzu tun kafin rani ya yi nisa yake ƙafewa. Manoma da makiyaya da 'yan garin da ke ci-rani suka haɗa kai suka ɗauko hayar katafila don a yashe shi. Ta yi aiki kaɗan ta fara ciwo. An sayo sensa sabuwa an sa, an sake sayo wata, ba ta canja zane ba. Mai katafilar ya ce idan ba za ta tashi ba zai turo babbar mota ta ɗauke abarsa.

"Ga damina a bakin ƙofa," in ji Alhaji. "Idan ruwan farko ya sauka tafkin ya zama caɓi, babu injin da zai shiga sai baɗi. Shanunmu kuwa ba su san baɗi ba."

Na ce ya ba ni dama in yi shawara. Gaskiyar magana tsoro nake ji, don ban taɓa ƙetare iyaka ba, iyakar nisana Gombe. Da na gaya wa Binta, maiɗakina, 'yar Utai ce ba ta ɓoye abin da ke ranta, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Mutum ya tako har garejinka saboda ruwan sha, ka ce masa za ka yi shawara? Da wa?"

Ita ta haɗa mini jaka, har da dambun nama da ƙuli-ƙuli. Alhaji ya riga ni yin gaba. Ni kuma na ƙarasa aikin da ke hannuna, na bar garejin a hannun abokin aikina Garba, na ɗauki kwamfuta da mita da 'yan kayan aiki na kama hanya.

Daga Wudil zuwa Kano ba labari. A Kano na shiga ƙaramar motar haya mai zuwa iyaka ta Kazaure da Daura. A nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Tasalla, wata dattijuwa 'yar kasuwa mai safarar atamfa da kayan roba, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ita kaɗai ta kama kujerar gaba, amma wuyanta na baya tun daga tasha. Kafin mu kai Kazaure ta san sunana da na matata da yawan 'ya'yana, ta kuma ci rabin ƙuli-ƙulina. Da ta ji ban taɓa shiga Nijar ba sai ta gyara zama.

"Ɗan nan, a can ba a yi wa mai kaki gaggawa. Ka gaishe shi, ka miƙa katinka, ka yi shiru. Kada ka yi masa surutun Kanawa."

A Kwangwalam muka sauka, aka duba takardunmu ta ɓangarenmu, muka ƙetara. Ƙasa ɗaya ce, gero ɗaya, Hausa ɗaya, amma kaki ya canja, allunan hanya sun koma Faransanci. Muna tsaye a layi wani jandarma ya nuna ni ya ce, "Mushe, zo nan."

Na waiga bayana in ga da wa yake. A Wudil ka kira mutum mushe, sai dai a raba ku. Hajiya Tasalla ta rufe baki da gyale tana dariya.

"Je ka, girmama ka ya yi. Haka suke kiran malamin makaranta ma."

Ya ce in buɗe jaka. Da ya ga kwamfuta da mita mai jar waya da baƙa, da damin wayoyi da dalma, sai fuskarsa ta canja. Ya kira abokin aikinsa suka yi magana da Faransanci suna dubana. Ban ga laifinsu ba, a wannan zamani ni ma in na ga irin kayan nan a jakar baƙo sai na yi tambaya. Na yi bayani, Hajiya ta sa baki ta ce ta san ni tun ina yaro, ita da ta san ni yau da safe. Jandarman ya nuna wani babur a gindin bishiya.

"In kai mai gyara ne, wancan ya yi fan tun safe."

Hajiya ta raɗa mini cewa fan ita ce lalacewa. Na durƙusa na sa mita a batir, na ga wuta lafiya. Kan batirin ne ya yi tsatsa ya saki. Na kankare na ɗaure, jandarman ya taɓa maɓalli babur ya tashi. Bai yi murmushi sosai ba, amma ya miƙo mini katina da ruwan sanyi a leda, ya ce, "Sannu, Mushe." Wannan karon na amsa.

Wata motar muka shiga ta Matamaye har Damagaram. A tasha, wadda su suke kira otogar, muka rabu da Hajiya, ta yi mini addu'a kamar ɗan cikinta. Na kira Alhaji Laminu a waya, ya ce yana wajen gari, in jira shi, zai iso ƙarfe sha bakwai. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na dubi agogona, na ga lambobinsa a sha biyu suka ƙare. Kunya ta hana ni sake tambaya, sai na je wurin wani mai burodi na tambaye shi a hankali. Ya ce biyar na yamma ke nan, su haka suke lissafi, ba sa komawa ɗaya bayan sha biyun rana.

Tunda na tsaya a gabansa sai na sayi burodin. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ya tsaga shi ya zuba soyayyen ƙwai da albasa. Cizon farko ɓawonsa ya kankare mini dasashi. Mu namu burodin kana matsa shi yana komawa kamar katifa, nasu kuwa sai ka yi da gaske. Amma kafin in bar ƙasar na saba da shi, har ina nemansa. Wani abin da na lura, da rana ta take gari yakan yi tsit, shaguna da yawa a rufe, kowa ya nemi inuwa sai la'asar. Na tuna 'yan kasuwarmu da ko zazzaɓi ba ya sa su rufe shago.

A gidan ƙanen Alhaji muka kwana, cikin tsohon gari, a wani zaure mai kaurin bango da sanyi kamar randa. Aka kawo dambu da kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto, na ci har na ji kunya. Bayan nan maigidan ya jawo ɗan murhun gawayi ya ɗora shayi. Ya daɗe yana zuba shi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, sannan ya miƙo mini ɗan mitsitsin kofi. Na kurɓe, ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na yunƙura zan tashi. Alhaji ya kama gefen rigata.

"Ina za ka? Wannan na fari ne. Ba a tashi sai an sha na uku."

Mu a bakin gada mai shayi na cika maka kofi ka shanye ka kama gabanka. Su kuwa shayi dalilin zama ne kawai.

Da safe muka hau a-kori-kura zuwa Mirya, daga nan muka bar kwalta muka shiga yashi. Sau da dama muna sauka mu tura. Kafin mu ga garin mun fara haɗuwa da mata da amalanken jakuna cike da jarkoki, suna dawowa daga wata rijiya mai nisa. Shanun da muka wuce kana iya ƙirga haƙarƙarinsu.

Tafkin fili ne mai faɗi, ƙasarsa ta tsattsage. An haƙa gefe ɗaya, sauran na nan yadda yake, katafilar kuma na tsaye a tsakiya da bokitinta a ƙasa. Su fel suke kiranta. A inuwarta na tarar da direbanta, Isufu, wani Babarbare mai tsage a fuska, mutumin Gure. Ya gaishe ni bai ɗago ido ba. Daga baya na gane mutanen gari sun fara cewa shi ya kashe ta da rashin iya tuƙi, har ya daina shiga cikin gari cin abinci. Akwai kuma Hauwa, ma'aikaciyar da aka turo tana auna zurfin haƙan, matashiya mai hijabi da takalmin aiki, a kan babur ɗinta take zuwa. Kowa Madam yake ce mata.

Kafin in ajiye jaka gari ya taru. An ji mai gyara ya zo daga Kano da kwamfuta. Na hau, na buɗe kwamfutar a kan kujerar direba, na jawo wayar da ake haɗa ta da injin, na laluba mahaɗar katafilar. Bakin wayata da nata ba su san juna ba. Ƙirar wata ƙasa ce da ban taɓa taɓawa ba, ba irin waɗanda ke bakin koginmu ba. Na juya ta nan, na juya ta can, na zazzage jaka ko akwai wani kan da zai shiga. Babu. Kwamfutar da na ɗauko tun daga Wudil, na sha tambaya a kanta a boda, a nan ba ta fi faifai amfani ba. Na kunna allon katafilar, ga lambobi sun fito, amma bayaninsu duk Faransanci. Littafinta ma haka.

Hauwa ta hau matakala ta leƙo, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda jama'a ba za su ji ba.

"Malam Nasiru, ni ban san injin ba, amma na san Faransanci. Kai ka san injin. Ka rufe kwamfutar mu haɗa."

Haka muka yi. Tana karantawa tana fassara mini, wani wurin da Hausarsu da sai mun yi ciniki kafin mu fahimci juna. Na ce gas, ta ce gas na girki? Ashe man da muke kira gas su gazuwal suke ce masa. Lambobi uku ne: sensar ƙarfin gas, da ta iskar da ke shiga injin, da ta ƙarfin baƙin mai. Dukansu ƙorafi ɗaya, wai wutar da ke zuwa daga gare su ta yi ƙasa.

Na fara bin soket-soket. Da na zare na sensar iska na ga cikinsa ya yi kore da tsatsa, sai raina ya yi fari. Na wanke, na kankare, na mayar. Isufu ya tayar, lambobin suka ɓace, injin ya ɗauki murya mai daɗi. Mata suka yi guɗa. Aka aika aka kira maigari, aka shimfiɗa masa tabarma. Ni kuma na tsaya gefe ina goge hannu da tsumma, ina amsa sannu.

Isufu ya kwashi yashin sama bokiti bayan bokiti lafiya. Da ya kai ga yumɓu mai tauri ya danna, sai muryar injin ta faɗi, hannun katafilar ya tsaya a sama yana rawa, lambobin nan uku suka dawo. Babu wanda ya zage ni. Wani tsoho dai ya miƙe, ya ɗauki 'yar kujerarsa ya nufi gari. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Aka kawo mini fura irin tasu, wadda ake damawa da cuku da dabino, na kasa sha. Ana cikin haka mai katafilar ya kira Alhaji ya ce da an ci kasuwar Mirya babbar mota za ta zo. Ga shi da yamma gabas ta fara haɗa gizagizai. Alhaji ya zauna kusa da ni ya turo mini ƙwaryar.

"Sha, Malam. Wanda ya baro iyalinsa saboda mu ba zai zauna da yunwa don ƙarfe ya ƙi ba. In ta tashi, alhamdu lillahi. In ba ta tashi ba, ka dai zo."

Na sha. Ina sha ina tunani. Sensa uku ba sa mutuwa rana ɗaya, kamar yadda gidaje uku ba sa rasa ruwa lokaci guda sai in rijiyarsu ɗaya. Ga shi an riga an canja biyu ba a ga bambanci ba. Ganin tsatsa ne ya sa na yi gaggawa.

Washegari da sassafe na roƙi Hauwa ta nemo mini shafin da aka zana hanyoyin wayoyi. Muka shimfiɗa littafin a kan sarƙar katafilar, tana bin layi da yatsa tana karanta sunaye. Sai ga shi: waya ɗaya ce ke fitowa daga ƙwaƙwalwar injin da wuta bolt biyar, ita ke shayar da sensocin nan uku. Na sa mita, na ga biyar cif. Wato a tsaye lafiya take, sai an shiga aiki wani abu ke sace wutar.

Na juya wurin Isufu na ce, "Ɗan'uwa, kai ne kake kanta kullum. Yaushe take yin abin nan? Kada ka rage komai."

Ya dube ni kamar bai yarda da shi nake ba. Ya ce tunda abin ya fara babu wanda ya tambaye shi sai faɗa. Sannan ya ce a yashi ba ta taɓa yi, sai bokiti ya ciji ƙasa mai tauri injin ya yi nishi. Kuma kafin ta yi, yakan ji wani ɗan bugu a bayansa, kamar an taɓa ƙofa.

Na ƙara wa wayoyin mita tsawo na miƙa wa Hauwa a cikin ɗakin direba. Na buɗe murfin injin na tsaya inda zan gan shi sosai. Na ce Isufu ya kafa bokiti a yumɓu ya ja a hankali, kada ya juya. Injin ya fara nishi, Hauwa na ɗaga murya tana faɗa mini abin da mita ta nuna.

"Biyar. Biyar. Har yanzu biyar. Biyu, Malam, ta faɗi."

A daidai lokacin na ga injin gaba ɗayansa ya karkata gefe. Ɗaya daga cikin kujerun roba da yake zaune a kansu ta fashe, sai ya yi nauyin aiki yake kwantawa, ya matse damin wayoyi a jikin wani ƙarfe. Na sa aka kashe. Na zura hannu na warware salatif ɗin wurin, ga wayar nan ta goge, jan ƙarfenta a waje yana ƙyalli. Duk lokacin da ta taɓa jikin injin sai wutar ta zube, sensoci uku su yi kuka tare, ƙwaƙwalwa ta ɗora musu laifi.

Na kira Isufu na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya sauka ya tafi wurin Alhaji ya kamo hannunsa, ya kawo shi har gindin injin ya ce, "Alhaji, duba da idonka. Ba ni ba ne."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mun ɗauki alhakinka, Isufu. Ka yafe mu."

Gano ciwo daban, magani daban. Abin narka dalmata na lantarki ne, garin kuwa babu wuta. Sai aka kawo murhun shayi, muka gasa wani guntun ƙarfe a gawayi, da shi na like wayar. Na zura mata tiyo, na naɗe, na canja wa damin hanya nesa da ƙarfen. Saura kujerar injin, wadda Hauwa ta bincika a waya aka ce ko a Damagaram babu, sai an aiko daga nesa. Nan Alhaji ya aika aka kira Tanimu, mai facin garin, wanda kuma yake yanka takalman taya. Na nuna masa fasasshiyar. Ya jujjuya ta a hannu ya tafi. Ya dawo da tsohuwar tayar babbar mota, ya zauna ya yanka faifai-faifai, ya jera su, ya huda tsakiya da jan ƙarfe. Muka ɗaga injin da jak ɗin a-kori-kura da gungumen itace, muka zura, muka ɗaure. Na gaya musu gaskiya cewa wannan ta wucin gadi ce, dole mai katafila ya sayo ta ainihi.

Wannan karon ba a kira kowa ba, ni ma ban so a kira ba. Isufu ya tayar, ya nufi yumɓun da ya kayar da mu jiya, ya danna bokiti. Injin ya yi nishi ya riƙe. Ya ɗago, ya juya, ya zubar, ya koma. Hauwa na riƙe da mita, da aka jima ta ɗaga mini yatsu biyar. Har azahar ba lamba ko ɗaya. Matan da ke wucewa da jarkoki suka fara tsayawa. Can na hango tsohon nan yana tahowa da 'yar kujerarsa. Ya ajiye ta a inuwar da ya bari jiya, ya zauna, ya ɗaga mini hannu.

Alhaji ya kira mai katafilar, bai yi dogon bayani ba, ya ɗaga wayar sama don ya ji ƙarar injin. Mutumin ya nemi a ba ni, muka yi magana, ya yi alkawarin aiko da kujerar, ya kuma fasa turo babbar mota.

Na ƙara 'yan kwanaki don in tabbatar. A ɗakin baƙi na gidan Alhaji aka sauke ni, kullum ƙwarya daga wannan gida, akushi daga wancan, har na rasa na wa zan fara buɗewa. Suna yi mini dariyar Hausata, wai mu Kanawa muna magana kamar ana koro mu, kuma rabin zancenmu Turanci ne. Na ce su kuma rabin nasu Faransanci ne, aka tashi babu wanda ya ci wani. Idan Isufu ya tsaya hutawa sai in koya masa aiki da mita, yadda zai auna wuta, yadda zai gane waya ta katse ko ta taɓa jiki. Hannunsa na da natsuwa. Hauwa kuma ta riƙa karanta ma'anar lambobin tana faɗa da Hausa, yana naɗar muryarta a wayarsa. Ranar da zan taho na bar masa mitar, tunda ina da wata a gareji. Ya karɓe ta da hannu biyu.

Alhaji ya sallame ni da mutunci, mata suka haɗa mini cuku da kilishi, maigari ya ƙara da zabi biyu a kwando. Zabin nan su suka fi komai wahalar da ni. A otogar ta Damagaram ɗaya ta kuɓuce, sai ga ni da direbobi muna zagaye motoci muna kora, har wani mai sayar da goro ya jefa mata babbar rigarsa. A boda ma babu wanda ya kula da kwamfutata, zabin kowa ke tambaya. Na iso Wudil bayan la'asar, Binta ta karɓi kwandon kafin ta karɓi jakata.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka a nan, na yi ta tunanin ko sun gama. Wata rana da yamma ina rufe gareji waya ta yi ƙara, lambar Nijar. Isufu ne. Bayan gaisuwa ya ce sun gama haƙa kafin ruwan farko, kujerar ainihi ma ta iso an sa, yanzu gaɓar tafkin yake gyarawa. Ya ce ɗazu wata sabuwar lamba ta fito. Na gyara tsayuwa zan fara yi masa tambayoyi, sai ya ce a'a, ya riga ya saurari muryar Madam, ya auna wutar ya ga daidai take, ashe ruwa ne ya taru a filtar gazuwal, ya tsiyaye shi lambar ta tafi. Kira ya yi kawai in sani.

Da ƙyar nake jinsa saboda wata ƙara da ta cika wayar. Na ce, "Isufu, layin ba kyau, wace hayaniya ce haka a bayanka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba layi ba ne, Malam. Kwaɗi ne. Tafki ya cika. Tsaya ka ji."

Ya miƙa wayar wajen ruwan. Na zauna a kan bencin gareji da makulli a hannu, ina sauraron kwaɗin Tafkin Baure, can bayansu kuma kukan shanu da muryar wani makiyayi yana kiransu, har katin wayar Isufu ya ƙare.